Motar da Ke Kwanciya Ta Tashi

Taubashina ɗan goggona ne, mutumin Sandamu. Tun muna yara nake ce masa bawana, don ni ɗan namiji ne shi ɗan mace, shi kuwa bai taɓa yarda ba. In na faɗa sai ya ce ai bawa shi ne mai jiran albashi, ya nuna ni da baki. Ni boko ne ya ɗauke ni, daga baya aikin tafinta da cinikin fata suka yi ta yawo da ni. Na zauna a Masar, na zauna a Faransa, na leƙa wurare da yawa da yanzu sai na yi tunani kafin in tuna sunayensu. Shi kuwa kara, kasuwar shanu, ita ce makarantarsa. Ya fara da jan igiya, ya zama ɗan rakiyar shanu, har ya kai yana loda tirelarsa ta kansa daga Mai'adua zuwa Legas.

Wanda bai san aikin rakiya ba zai ɗauka hawa mota ne kawai. Shanu suna cikin bodi, an ɗaure ƙahoninsu a jikin sanduna, mutane kuma suna sama a kan katakon da aka gitta. Aikinsu su lura, in wata ta kwanta su tashe ta kafin 'yan'uwanta su tattake ta. Rana ta dake su, ruwa ya dake su, haka za su yi ta tafiya har bakin teku. Kuma suna da doka guda da ake koya wa kowane sabon shiga tun kafin ya taka tayar mota: ba a ɗaure kai. Ka riƙe da hannu, ka maƙale da ƙafa, amma kada igiya ta haɗa ka da mota. In tirela za ta kwanta, na sama yana jin ta a ƙugunsa tun direba bai sani ba, sai ya yi tsalle ta ɓangaren da ya ɗaga. Wanda ya yi haka yakan tsira da karaya. Wanda ya tsaya, shanu da ƙarfe ne za su sauka a kansa.

Ko bayan ya zama mai kaya, taubashina bai yarda ya zauna gaba kusa da direba ba. Sama yake hawa. A wata tafiya, a wata kwana can bayan Neja, motarsu ta kwanta. Shi ya yi tsalle, ya karye a cinya, ya warke da ɗan ɗingishi. Abokinsa na shekaru, wanda barci ya dame shi har ya ɗaure ƙugunsa da rawani a jikin sanda, bai tashi ba. Allah ya ji ƙansa.

Daga nan taubashina ya sauka daga aikin, ya bar wa babban ɗansa. Amma wata ɗabi'a ta kama shi. Ba ya shiga motar da za a kulle shi a ciki. In tafiya ta kama shi daga Sandamu zuwa Daura, ko dai ya hau bayan babur, ko ya hau bayan akori-kura ya zauna a bakin bodi. In dole ce ta sa shi shiga ƙaramar mota, to gefen ƙofa zai zauna, ya riƙe ta da hannu ba tare da ta rufu ba. Direbobin tasha sun san shi, sun daina yi masa magana.

Wannan bai dami kowa ba sai a shekarun nan na farkon dawo da shari'a, lokacin da kowa ya waiwayi abin da ya rage masa na addini. Ɗan nasa ya biya masa kujerar Makka. Aka yi ta murna. Ya fara zuwa bita tare da sauran maniyyata, yana dawowa yana koya wa jikoki yadda ake ɗaura harami. Sai ranar da mai bitar ya zo kan maganar jirgi, ya ce ana rufe ƙofa ruf, kowa ya ɗaura bel a ƙugunsa, ba mai tashi sai an ba da izini. Taubashina ya ɗauki takalmansa ya fita, bai sake komawa ba.

Ɗan ya same ni a Daura, a ƙofar gida, ya durƙusa.

"Baba, ku taimake ni. Na kai masa malamai, ya ce su faɗa masa wane littafi ne ya ce a ɗaure Musulmi kamar bijimi. Na ce ajali ɗaya ne, ya ce ya sani, amma shi nasa ya same shi a sake. Ga lokacin allura ya zo, in bai je ba za a ba wani kujerar. Kuma kun ga shekarunsa."

Na ga shekarunsa, don sa'ana ne. In bai je a wannan shekarar ba, ban ga shekarar da zai je ba. Na ce wa yaron ya tafi, ya bar min bawana.

Na san abu biyu game da mutumin nan. Hujja ba ta shiga kansa, amma gori yana shiga har ƙashi. Kuma na san wani abu da malaman ba su sani ba. A yawona na hau jirgin lilo a wuraren wasa da dama, irin wanda ake jera ƙananan taragu a kan dogo, a ja su sama a hankali sannan a sake su su gangaro, su yi ta murɗawa hagu da dama. Na fara hawa a Alƙahira ranar wata sallah, don abokan karatu sun ce baƙin mutum ba zai iya ba. Daga nan abin ya shiga raina, duk garin da na je in akwai sai na hau. Na kuma ji an buɗe wani wurin wasa a Abuja mai irin wannan jirgi.

Na same shi a Sandamu a gindin darbejiya, yana gyaran igiyar da ba ya da saniyar da zai ɗaura wa.

"Sannu Alhajin kara," na ce.

"Sannu ɗan aiken Turawa. Yaron ne ya turo ka?"

"Shi ne. Na ce masa ya ƙyale ka. Ai ni na daɗe da sanin hawan tirela ba jarumta ba ce, rashin kuɗin mota ne."

Ya ajiye igiyar. "Kai da ko jaki sai an riƙe maka?"

"Akwai wata mota a Abuja da 'yan mata ke hawa suna cin gyaɗa. Ni na hau irinta ba adadi. Kai ba za ka iya ba."

"Tana gudu?"

"Ta fi tirelarka."

"Tana da tsawo?"

"In kana samanta, tirela kamar kwalin ashana za ka gan ta."

"A rufe take?"

"A buɗe, ko rumfa babu."

Wannan ita ce gaskiya, kuma ban ƙara komai a kai ba. Ya ce in zo da mota jibi.

Tafiyar nan ba zan manta da ita ba. Tun daga Daura har Kano, daga Kano har Kaduna, hannunsa na kan ƙofar motata, iska na shigowa tana kaɗa mana riguna. In ya gaji da hannu ɗaya sai ya canja. 'Yan sanda sun tsayar da mu a hanya, ɗayansu ya ce, "Baba, ƙofarku a buɗe take." Ya ce masa, "Ɗana, ni na buɗe ta." Muka kwana a hanya, washegari muka shiga Abuja, muka yi azahar a masallacin da ke kusa da wurin, na hana shi cin abinci. Ya ce rowa ce, na ce zai gode min.

Wuraren wasan nan ko'ina kamanninsu ɗaya: fenti mai ɗaukar ido, kiɗa daga kowace kusurwa, ƙamshin gugguru, yara na jan iyayensu. Mutane ne ke bambanta. Bafaranshe zai tsaya a layi shiru kamar mai jiran likita, in ya hau ya yi ihu, in ya sauko ya gyara wuyan riga kamar ba shi ba. Bamisire tun daga layi yake ihun, ya taho da uwarsa da surukarsa da kwanon abinci. Mu kuwa a layi muke gaisawa, mu tambayi mutanen gida, mu ba dattijo hanya. Haka aka yi mana. Mutane suka ga tsofaffi biyu da manyan riguna, suka ɗauka jikoki muka kawo, suka yi ta dube-dube ba su ga jikokin ba.

Jirgin nasu bai kai waɗanda na hau a waje ba, amma ba abin rainawa ba ne. Taubashina ya tsaya ya harɗe hannu a baya, ya bi shi da kallo tun daga hawa har sauka, kamar yadda yake duba bijimi a kara. Mutanen ciki na ta kururuwa.

"Wannan ne?" ya ce. "Ba shanu, ba rami, ba ɗan sanda? Me suke wa ihu?"

"Shiga ka gani."

Mai kula da jirgin wani Bayarabe ne mai furfura jefi-jefi, da alama ya daɗe a aikin. Ya fara da karɓar hulunanmu, ya ce iska za ta ɗauke. Taubashina ya cire tasa ya kalli sanƙon kaina.

"Ashe abin da kake ɓoyewa ke nan. Ai sai ka rufe, kada ka kashe wa direba ido."

"Ba ta da direba."

Ya tsaya da ƙafa ɗaya a ciki. "Ba ta da me?"

"Direba. Mai kula ne zai danna maɓalli, ita ta san hanyarta."

Ya ce ai gara haka, yawancin direbobin da ya sani barci suke yi. Ya shiga ya zauna a gefen dama, ya tattara rigarsa, ya maƙale ƙafa a jikin ƙarfe, ya kama gefen taragon da hannu. Zaman ɗan rakiya sosai. Ina kusa da shi.

Sai mai kula ya biyo layi yana sauke wa kowa ƙarfensa. Wani lanƙwasasshen ƙarfe ne mai soso, ana jawo shi ya sauka a kan cinya ya kulle, kuma ba ya buɗewa sai jirgi ya dawo ya tsaya. Ya sauke nawa, ƙaras. Ya kai hannu kan na taubashina, shi kuma ya tare da tafin hannu.

Ya juyo ya kalle ni. Na daɗe ban ga irin wannan kallo a fuskarsa ba.

"Ka ce a buɗe take."

"Ga sama nan kana gani."

"Munafuki."

Daga nan ya juya wajen mai kula ya kama Yarbanci. Ina jin Larabci da Faransanci da Turanci, ina taɓa Fulatanci, amma Yarbanci ko gaisuwa ban iya ba, shi kuwa ya kwashe shi a kasuwannin Legas kamar a can aka haife shi. Haka na zauna, tafinta guda, ana ciniki a kaina ban san farashi ba. Na dai ga mutumin ya yi dariya, ya ɗan rusuna, ya girgiza kai. Na ga taubashina ya zaro goro daga aljihu. Mutumin ya karɓa da hannu biyu, ya sa a aljihu, ya sake girgiza kai, ya nuna wata 'yar fitila ja a kan teburinsa.

"Me ya ce?"

"Wai in ƙarfe ɗaya bai kulle ba, motar ba ta tashi. Wai ba shi ne ya hana ba, ita ce. Ya kuma cinye min goro."

Duk sauran kujeru an kulle, mu kaɗai ake jira. Rana na dukan mutane. Wata mata a bayanmu, da jin Hausarta Bazazzagiya ce, ta ce, "Baba, don girman Allah, ko ku zauna ko ku sauka. Mun biya kuɗi."

Ƙawarta ta ce, "Ƙyale shi, tsoro yake ji. Baba, in ba za ku iya ba ga na dawakin roba can, shi a hankali yake juyawa."

Aka kwashe da dariya. Ban sa baki ba. Na san in na yi magana zai sauka don ya ɓata min rai, in na yi shiru kuma maganar dawakin roba za ta yi aikinta. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ya dubi matakalar sauka, ya dubi dogon da ya miƙe sama. Sannan ya ture hannun mai kula, ya kama ƙarfen da kansa ya jawo.

Amma na ga abin da ya yi. Kafin ƙarfen ya sauka ya tura dunƙulen hannunsa a ƙarƙashin riga, a kan cinya, ƙarfen ya kulle a kan hannun. Da mai kula ya wuce sai ya zare hannun, ya bar wa kansa sarari. Sararin bai isa mutum ya fita ba, na duba da kyau, shi ya sa ban tona shi ba. Shi dai a ransa ya bar ƙofa a buɗe.

Jirgi ya motsa. Sarƙa ta kama mu tana ja sama, ƙat, ƙat, ƙat, a hankali kamar mai jan guga. Wannan hawan shi ne inda na fi so, don a nan ake sanin halin mutane. A Masar a nan ake kiran uwa. A Faransa a nan ake zagi. A bayanmu kuwa matan nan da suka yi gori sun kama salati, ɗaya na cewa ta tuba, in ta sauka ba ta ƙarawa. Taubashina ko a jikinsa. Yana leƙen ƙasa yana nuna min duwatsu.

"Ka ga inda za a yi kiwo, an zuba siminti."

Muka kai ƙoli. Taragon gaba ya leƙa, ya ɓace. Sai mu.

Gangarar farko ba ta yi masa komai ba. Iska ta cika mana riguna, na ji shi yana dariya yana cewa, "Ƙara mata wuta!" Muka sauka, muka sake hawa wani tudu, ya ɗan tashi daga kujera saboda sararin da ya bari, ya dawo ya zauna, bai fasa dariya ba.

Sai kwana ta zo. A irin wannan kwana dogon karkacewa yake yi, jirgin ya kwanta a gefensa gaba ɗaya, har ka ga ƙasa a kafaɗarka. Ya kwanta ta ɓangarena, ɓangarensa ya ɗaga.

Ban ga lokacin da ya yanke shawara ba, don bai yanke ba. Jikinsa ne ya yi abin da ya koya shekara da shekaru. Ya saki gefen taragon, ya dunƙule, ya buga ƙafa ya yi sama ta ɓangaren da ya ɗaga, da dukan ƙarfinsa. Na ji ƙarar cinyoyinsa a jikin ƙarfen. Ƙarfen ya mayar da shi kujera kamar an jefa buhu. Na cafki rigarsa, amma ba riƙona ne ya tsare shi ba. A inda ya so ya dira babu ciyawa, babu kafaɗar hanya, sai iska da sandunan ƙarfe, da siminti can ƙasa.

Kafin ya ja numfashi jirgin ya miƙe tsaye, ya ci gaba da gudu kamar ba abin da ya faru. Aka sake wata kwanar ta ɗaya gefen. Wannan karon bai motsa ba. Ya rungume ƙarfen da hannu biyu, idonsa a buɗe, bakinsa a rufe, har muka shigo rumfa muka tsaya.

Aka buɗe. Matan baya suka sauka suna dariya suna share hawaye. Ɗaya ta ce, "Baba, sannunku, ashe ku jarumai ne." Bai ji ta ba. Ya karɓi hularsa ya sa ta a karkace, ya taka da ɗingishinsa da ya ƙaru har wani benci a inuwa, ya zauna. Na sayo ruwa na ba shi. Ya sha, ya zuba saura a ka.

Na zauna kusa da shi. A nan ne kawai, cikin duk tafiyar, na yi shakkar dabarata. Na ce a raina wataƙila na ƙara masa ciwo ne a kan ciwo.

Can ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Ta kwanta."

"Ta kwanta."

"Kuma ta tashi."

"Haka aka gina ta."

Ya yi ta murza cinyarsa. Jirgin ya sake wucewa ta samanmu da wasu mutanen, ya bi shi da ido har ya shiga kwanar, ya kwanta, ya miƙe.

"Ni duk motar da na sani in ta kwanta ta kwanta ke nan," ya ce. "Shekara nawa ina cewa marigayi wauta ya yi. Da tamu irin wannan ce, da shi ne mai hankali, ni ne gawa."

"Taku ba irin wannan ba ce. A taku kai ne ka yi daidai."

"Na sani. Ashe mota iri biyu ce. Akwai ta tsalle, akwai ta ɗauri."

Ban taɓa jin wanda ya raba abin haka ba, a kowane harshe, amma ban ga kuskure a ciki ba.

"To shi jirgin Makka fa?" ya ce. "Wace iri ce?"

"Ta ɗauri."

"Yana kwanciya?"

"Duk kwanar da zai yi da kwanciya yake yin ta. Ba kamar wannan ba, kaɗan yake karkatawa. Ba ya gangara irin wannan, ba ya jijjiga irin wannan. Har shayi ake ba ka."

"Bar maganar shayi. In ya kwanta yana tashi?"

"Yana tashi."

"Rantse."

"Yaushe bawa ya fara sa ubangidansa rantsuwa?"

"Ba wasa nake ba."

Na dube shi na ga ba wasan yake ba. Na ce masa rai a hannun Allah yake, ba zan rantse a kan gobe ba, amma na rantse cewa duk jirgin da na taɓa shiga ya kwanta da ni kuma ya tashi, ga ni zaune. Ya gyaɗa kai. Ya miƙe, ya cire hular ya miƙa min.

"Riƙe. Zan koma."

"Mu je tare."

"A'a. Kai in kana kusa sai in ɗauka rigata da ka riƙe ce. Ni kaɗai."

Na tsaya a bakin shinge ina kallo. Mai kula ya gan shi ya washe baki. Suka yi 'yar magana da Yarbanci, sai na ga taubashina ya jawo ƙarfen, ya danna shi a cinyarsa, ya kira mutumin ya ƙara danna masa da nauyin jikinsa. Aka ja su sama. Daga ƙasa ina hango farar rigarsa a cikin jerin matasa. Suka gangaro, suka hau, suka shiga kwanar. Jirgin ya kwanta, farar rigar ta kwanta tare da shi, ta tashi tare da shi.

Da ya sauko bai yi min wani bayani ba. Ya karɓi hularsa ya ce yunwa yake ji, kuma ni zan saya. Muna cikin cin abinci ya tambaye ni ko ranar allura ta wuce. Na ce da saura. Ya ce to mu kama hanya da sassafe.

Ya je aka yi masa allura, ya koma bita, aka ɗinka masa yadin alhazai. Ban samu raka shi filin jirgi ba, wata tafiya ta kama ni zuwa Damagaram. Sai bayan sun dawo na je Sandamu yi masa barka. Na tarar da zaure cike, ana ta raba dabino da zamzam, shi kuma yana zaune a kan sabuwar darduma da farar hula, ya rame, fuskarsa na sheƙi. Kusa da shi akwai wani dattijo maƙwabcinsa da suka tafi a jirgi ɗaya. Shi ne ya tare ni da labari tun ban gama gaisuwa ba.

"Alhaji, kai ne ka koya masa? Ai mun sha kallo. Muna shiga ya bi mutanen garinmu kujera kujera yana jan bel ɗinsu, wai bai ɗauru ba. Ni har numfashi ya gagare ni. Ya ce kowa ya cire hula ya sa a aljihu. Ma'aikaciyar jirgi ta yi ta fama da shi kafin ya zauna. To jirgi na tashi, ya ɗan karkata zai juya gabas, sai muka ji murya tun daga tsakiya har baya: Jama'a, kada wanda ya yi tsalle! Zai tashi!"

Zauren ya kaure da dariya. Taubashina bai yi ba.

"To ƙarya na yi?" ya ce. "Bai tashi ba?"

"Ya tashi, Alhaji."

"To."

Ya juyo wajena, ya zuba zamzam a ɗan kofi ya miƙo min, amma bai saki kofin ba.

"Kai kuma ina da magana da kai. Ɗan zaren da suke ba mutum ya ɗaura, ko ɗan akuya ba zai riƙe ba. Na tambayi ƙarfe, suka ce babu. Aka kawo abinci na ƙi ci, na ce sai an wuce gangara. Na yi ta jira, na yi ta jira, ina riƙe da kujera, sai ji na yi ana cewa mun iso Jidda."

"Ai na faɗa maka ba ya gangara."

"Wa ke yarda da maganarka?" Ya saki kofin. "Sha. Na yi maka addu'a a gaban Ɗaki, ko da yake ban ga alamar za ka shiryu ba."